Tambaya da Amsa: Yara sun tsinto 'yar kwikwiya, ga ƙaton kare a gida

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Muna zaune ne a sabuwar unguwa can bayan Rigachikun, gidaje ba su gama haɗuwa ba shi ya sa maigida ya ajiye kare saboda gadi, shekararsa huɗu a wurinmu, irin manyan nan ne na 'yan sanda, yara na kiransa Damisa. Toh ranar Talatar da ta wuce da aka tafka ruwan nan, yarana na dawowa daga islamiyya suka ji kuka a cikin kwalbati, da suka leƙa sai ga 'yar kwikwiya ta jiƙe sharkaf tana rawar sanyi, haƙarƙari duk a waje, kunnuwa cike da kaska, suka naɗo ta a buhu suka kawo min. Na so in ce su mayar da ita amma wallahi da na ga yadda take raɓewa a jikin bango sai na kasa. Na ba ta madara da ɗan tuwo ta cinye tas. Yanzu tana ɗakin janareto, har sun sa mata suna Tsintuwa.

Matsalar ita ce tunda ta shigo Damisa ya ƙi zama, sai zagaye ƙofar yake yana shinshina yana gurnani, abinci ma ya rage ci. Maigida ya ce a sake su kawai za su daidaita kansu, wai babban kare ba ya taɓa kwikwiyo, maigadinmu kuma ya ce in aka yi haka ko kwana ba za ta yi ba. Ƙanwar mijina kuma cewa take alhaki kawai nake kwasa, kare biyu a gidan musulmi. Af, ta ɗan ciji autana a yatsa lokacin da suke fito da ita amma ba wani ciwo ba ne, ɗan jini ne kaɗan na goge masa. Ya zan yi in haɗa su ba tare da ya illata ta ba?

Daga wata uwa a Rigachikun, Kaduna

AMSA

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri ke da yaran nan, ya raya su da wannan tausayin. Amma ki yi haƙuri, Damisa zai jira tukuna, domin maganar da kika sako a ƙarshe kamar ba komai ba ita ce ta tayar min da hankali. Yatsan autanki.

Hajiya yau ɗin nan, ba gobe ba, ki kai yaron nan asibiti ki ce musu kwikwiyar da ba a san asalinta ba ta cije shi har jini ya fito, a fara masa allurar rigakafin ciwon haukan kare. Kar ki ce ai kwana ya ja, ba a makara ba muddin alamu ba su bayyana ba. Kuma kar ki ce ai jaririya ce, kwikwiyo ma yana ɗauke da cutar, kuma shi ya fi yaudarar mutane don ba wanda ke jin tsoronsa. Ƙwayar cutar a yawu take, in ta shiga ta ciwo sai ta riƙa bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, yawanci wata biyu zuwa uku a jikin mutum, wani sa'in sati ɗaya, wani sa'in har shekara, kuma cizon yatsa da na fuska sun fi haɗari saboda jijiyoyi sun yi yawa a wurin. Da zarar mutum ya fara tsoron ruwa da firgita toh sai dai addu'a, kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 59,000 cutar ke kashewa duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Allurar ba guda ɗaya ba ce, ana yi ranar farko, da rana ta uku, da ta bakwai, sauran kuma yadda likita ya tsara, ki daure a kammala. Nan gaba in Allah ya kiyaye aka sake samun cizo ko yaƙushi, abu na farko shi ne wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, ki duba agogo. Masu cewa a ƙona gashin karen a shafa a ciwon, dan Allah kar ki saurare su.

Ita kuma Tsintuwa a killace ta a sa mata ido kwana goma daga ranar cizon. In ta wuce kwana goman nan garau, alama ce cewa ba ta da cutar a yawunta ranar da ta yi cizon, sai ki sanar da likitan yaron shi zai yanke hukunci. In kuwa ta fara dalalar da yawu, ko muryarta ta canza, ko ta kama cizon duk abin da ta gani, ko ƙafafun baya suka shanye, ko ta mutu, kar kowa ya taɓa ta da hannu kuma kar a jefar a bola, a kira likitan dabbobi, ana gwada ƙwaƙwalwar a gano gaskiya, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato na wannan aikin.

Sai ɗakin janareto. Ki fitar da ita daga can yau. Hayaƙin nan da ke kashe mutane a ɗaki suna barci ba zai bar 'yar abin da ba ta wuce kilo biyu ko uku ba, ga fetur ga baƙin mai a ƙasa tana lasa. Ki nemi wani lungu mai siminti da inuwa da ƙofa, a shimfiɗa mata kwali da tsohon buhu.

Toh yanzu mu zo kan maigida da maigadi. Ki gaishe min da Alhaji, amma a nan maigadi ya fi shi kusa da gaskiya. Eh, manyan karnuka da yawa suna haƙuri da kwikwiyo, amma ba doka ba ce, musamman karen gadi da ya shekara huɗu shi kaɗai a gida bai saba da wani kare ba, gidan nan duk nasa ne a ganinsa. Namijin irinsa yana kai kilo 30 zuwa 40. Ba sai ya yi niyyar kisa ba, cafka ɗaya a wuya ya girgiza shi ke nan, ko wasa ma in ya danne ta da ƙafa yana iya karya mata baya. Abin da kika ga yana yi na zagaye ƙofa da rage cin abinci ba wani abin tsoro ba ne, baƙon wari ya ji a gidansa, zai lafa.

Kuma ko da Damisa rago ne mai laushin hali, ni ba zan yarda su haɗu yanzu ba saboda lafiyarsa shi kansa. Kwikwiyon titi kusan kullum yana zuwa da tsutsar ciki, da ƙuma, da kaska, ita kaskar nan kuma tana sa wa kare zazzaɓin da ke shanye jini har dasashi ya yi fari. Ga kuma cutar fabo, wadda ke zuwa da amai da zawo mai jini mai wani irin ƙarni, ita ce ke kwashe 'yan kwikwiyo, tana iya ɓoyewa har sati biyu kafin ta fito, kuma ƙwayarta na yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba. Don haka aƙalla sati biyu ba haɗuwa, kwanonta daban, tsintsiyar share wurinta daban, a riƙa wanke wurin da ruwan bilicin wanki, murfi ɗaya a murfi talatin na ruwa, wanda ya taɓa ta ya wanke hannu kafin ya je wurin Damisa, yara kuma su haƙura da ɗaukarta tukuna. Ki ɗauko katin allurar Damisa ki duba, in shekara ta zagayo ba a sabunta masa ta haukan kare ba, toh a yi masa yanzu, domin kwana goman da na faɗa ba ya nufin ita ta fita zargi gaba ɗaya, cutar na iya kwantawa a jikin kare na watanni.

Ki kai ta asibitin dabbobi a cikin satin nan, na gwamnati ko na kuɗi, in kuma abu ya yi tsanani akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, daga wurinku ai kina kan hanyar Zariya ne ma. Da haƙoranta za su gane shekarunta, in duk 'yan ƙananan nan ne masu tsini kamar allura toh ba ta kai wata huɗu ba, don wajen nan ake fara famfara, zuwa wata shida ko bakwai manya 42 sun cika. Za su ba ta maganin tsutsa da na kaska daidai nauyinta, su tsara allurai, ta fabo da 'yan uwanta ana farawa tun sati shida zuwa takwas a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ta kai wajen wata huɗu, ta haukan kare kuma daga wata uku, amma ki faɗa musu ta yi cizo don su san lokacin da ya dace. Abin da nake roƙonki, kar maigadi ya shafa mata baƙin mai ko fiya-fiya wai don kaska, guba ne yana shiga ta fata, kuma kar a ba ta farasitamol ɗin mutane. Madarar ma ki tsayar, zawo take sa su. Ɗan shinkafa da dafaffen ƙwai ko kifi da aka cire wa ƙaya, kaɗan kaɗan sau huɗu a rana, ba miya mai albasa da yaji, ba ƙashin kaza dafaffe.

In ta warware ta yi ƙiba likita ya ce ba komai, sai a fara gabatarwa, kuma da hanci ake farawa ba da ido ba. Ki ɗauki tsumman da take kwana a kai ki ajiye kusa da wurin Damisa, nasa kuma ki kai mata, a yi kwana uku ko huɗu a haka. Daga nan su ga juna ta bayan ƙyauren ƙarfe ko waya, minti biyar ya isa, in ya kalle ta ya yi shiru a jefa masa ɗan nama, a hankali zai gane duk sanda 'yar nan ta bayyana alheri ke biyo baya. Haɗuwar farko ba tare da shamaki ba kuwa kar a yi ta a inda ake ɗaure shi, kare a kan sarƙarsa ya fi faɗa don ba shi da wurin ja da baya, kar kuma a yi kusa da kwanonsa. A samu fili mai tsafta wanda ba nasa ba, ko harabar maƙwabcin da ba shi da kare, Alhaji ya riƙe Damisa tunda shi yake jin maganarsa, a sa masa takunkumi in akwai, wani babba ya riƙe ta, ba yara a wurin. A yi ta tafiya gefe da gefe da tazara ana rage ta sannu sannu, kar a tura su fuska da fuska, kar kuma a ɗauke ta a hannu a miƙa masa.

A nan sai kin karanci jikinsa. In ya shinshina bayanta ya kau da kai ya ci gaba da harkarsa, madalla, wannan ko in kula ɗin shi muke nema. In ya kwantar da ƙirji ƙasa ya ɗaga ƙugu yana kaɗa bindi, wasa yake so. Amma in kika ga jikinsa ya sandare, ya ƙura mata ido ko ƙiftawa ba ya yi, gashin bayansa ya miƙe, ya yi tsit, toh a janye shi nan take a bari sai gobe, shirun nan ya fi haushi haɗari. Gurnani kuwa kar a doke shi a kai, gargaɗi ne yake mata ta matsa, in kuka hana shi gargaɗi da sanda wata rana cizon zai zo ba sallama.

Ko sun saba, abinci kowa da wurinsa ƙofa a rufe, ƙashi ma haka, yawancin faɗan karnukan gida a kan kwano yake tashi. Da dare in an saki Damisa ita tana kulle, haka in ba kowa a gida, har sai ta girma ta yi ƙwari. A yi mata wata 'yar kafa da za ta iya shigewa shi ba zai iya ba. Yara kuma kar su tare a wurin sabuwa su manta da tsohon, shi za a fara ba abinci, shi za a fara kira. In faɗa ya kaure kar wanda ya sa hannu tsakani, a watsa bokitin ruwa ko a zura katako.

Abu ɗaya da ya taimake ki, mace ce shi namiji, sun fi saurin jituwa a kan maza biyu. Sai dai daga wata shida zuwa sama za ta fara neman barbara, kusan sau biyu a shekara, karnukan unguwa za su cika miki ƙofar gida, cikin kuma kwana 63 ne kacal, in ita ƙaramar iri ce ta ɗauki cikin ƙato kamar Damisa haihuwa na iya gagararta. Ki yi magana da likita tun yanzu a kan aikin cire mahaifa.

Maganar ƙanwar mijinki, ni ba malami ba ne, ki tambayi malamin unguwarku a kan hukuncin ajiye na biyu tunda na farkon don gadi ne. Abin da na sani dai hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah ya gafarta masa ingantacce ne, don haka fito da ita daga kwalbati da ciyar da ita ba abin da za ki ji nauyi a kai ba ne. Ki kuma sa a tambaya a unguwa ko ta wani ce ruwa ya jawo. In an yi wata biyu ana gwadawa Damisa bai daina sandarewa in ya gan ta ba, toh kar ki matsa, ki nema mata mai gona ko mai garken da zai riƙe ta da amana bayan ta gama alluranta.

Ina jiran saƙonki Hajiya, ki faɗa min ranar da aka yi wa auta allurar farko. Allah ya ba shi lafiya.