Ɗaliban Amurka da motocin ɗaukar waɗanda suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya

Ka tambaya ko da gaske ne ɗaliban jami'a a Amurka sun ajiye karatu sun tafi fagen fama tuƙin motar asibiti. Gaskiya ne, ɗan'uwa.

Tun 1915, kafin Amurka ta shiga yaƙin, wani Ba'amurke mai suna A. Piatt Andrew ya tsara ƙungiyar masu tuƙin motar asibiti, wato American Field Service, a Faransa, kuma yawancin direbobinta samari ne daga jami'o'i irin su Harvard da Yale. Su ke biyan kuɗin jirgin ruwansu da kakinsu. Yaron da jiya yake aji da filin ƙwallo, yau ga shi cikin ƙaramar mota Ford Model T, mutum uku da suka ji rauni kwance a baya, yana ratsa laka da dare ba fitila don kada a hango shi. Haka suka yi a yaƙin Verdun, wani gari a Faransa, a 1916. Abin tausayi, wasu ba su koma karatun ba har abada.

Kada ka ɗauke su sojoji tun farko. 'Yan sa-kai ne, sai a 1917 rundunar Amurka ta karɓi aikin. Kada kuma ka gwama su da Red Cross, ƙungiya ce daban.

In wani ɗalibi takamaimai kake bincika, rubuta wa ma'adanar tarihi ta jami'arsa. Can ake adana wasiƙu da rajista.