Tambayarku, Amsarmu: Hoton ruwa da tsuntsaye da wayar hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kirikasamma, Jihar Jigawa. Nakan ga hotunan bakin tekun Legas, ruwa ya yi lumui kamar hayaƙi, ina so in iya irinsu. Mu nan fadama gare mu, ga tsuntsaye birjik, amma duk wanda na ɗauka sai ya fito dishi-dishi. Wayata ce ba ta da kyau, ko kuwa sai na je teku?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kada ka kashe kuɗin motar Legas, kada kuma ka yi saurin sayar da wayarka. A ƙaramar hukumarku dausayin Baturiya yake, wanda tun 2008 aka sa shi cikin dausayoyi masu muhimmanci a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Da sanyin hunturu tsuntsaye kan ƙetaro Sahara daga Turai su sauka nan, su tarar da dinya da kirinjijiya da zalɓe. Wallahi ni da ke cikin birni ina yi maka sha'awar wannan wuri.

Dishi-dishin nan ina zargin yatsunka. Idan ka buɗa yatsu biyu a fuskar waya don jawo tsuntsu, yawancin wayoyi yanko wani ɗan yanki kawai suke yi su kumbura shi. Gara kai ka matsa. Bayan sallar asuba ka sa tufafi marasa haske, ka sami gindin kacalla ka zauna rana na bayanka, ka yi tsit. Zalɓe akwai tsoro, amma in ka daɗe ba motsi zai manta da kai, har ka ga yana ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ruwa na ɗiga daga yatsunsa. Lokacinka ke nan. In kana da mai ara maka madubin hangen nesa, manna idon wayar a bakinsa, za ka sha mamaki.

Shiga kyamara ka nemi inda aka rubuta Pro. Akwai lambar da ke nuna tsawon lokacin da idon kyamara zai zauna a buɗe. Tsuntsu mai tashi yana son 1/1000 na daƙiƙa, da wadataccen haske. Wanda na fi ƙauna kuwa kishiyarsa ne: da sanyin safiya ka sa 1/30, ka bi dinya da wayar daidai gudunta, ka danna ba tare da ka tsaya ba. Ita za ta fito sarai, ciyayin bayanta su zama zane-zane a kwance. Akasari za su lalace, ka share ka sake.

Ruwan da ka gani a hotunan Legas kuwa, igiyar teku ce ke kai da komo alhali idon kyamara na buɗe. Ruwan fadama a kwance yake, ba zai ba ka haka ba. Ka je magudanan noman rani na wajen Auyo, inda ruwa ke kwarara ta ƙofa. Ka sa daƙiƙa 1 ko 2, ka kai ISO (lambar da ke nuna ƙarfin kama haske na kyamara) mafi ƙanƙanta, ka jingina wayar da bulo, ka kunna agogon jinkiri don kada hannunka ya girgiza ta. Da rana tsaka hoton fari fat zai fito, sai gab da fitowar rana ko bayan faɗuwarta.

Hazo ma kada ka guje shi. Masunci a kan gorarsa da la'asar sakaliya, rana ta yi jajir a bayansa: taɓa sararin sama a fuskar wayar, ka rage haske, sai ya fito baƙi wuluk da inuwarsa a ruwa. Amma ka fara gaishe shi ka nemi izini. Haka in za ka shiga gandun Baturiya da ake karewa, ka sanar da ma'aikatansa.

Roƙona ɗaya, kada ka kusanci sheƙa, kada ka jefi garke don su tashi ka samu hoto. Waɗannan baƙin sun sha doguwar tafiya, kiwo suke yi su tara ƙarfin komawa.