Me ya raba propan-1-ol da propan-2-ol?

Tambaya: Malam, propan-1-ol da propan-2-ol duk C3H8O ne. To me ya sa ake ɗaukar su sinadarai biyu, kuma lambar nan ta tsakiyar suna me take nufi?

Amsa: Lambar tana nuna maka kabon ɗin da rukunin OH ya maƙale. Wannan rukuni, oksijin ɗaya da haidurojin ɗaya, shi ke mayar da sarƙar kabon alkohol, kuma galibin sauyin da sinadarin zai yi a wurinsa ake yi. Shi ya sa ake ce masa rukunin aiki.

Ɗauki biro ka zana kabon uku a jere. In ka rataya OH a kabon na gefe, ka samu propan-1-ol. In a na tsakiya ne, propan-2-ol ke nan. Ƙa'idar IUPAC, ƙungiyar duniya mai tsara sunayen sinadarai, ita ce a fara ƙirga daga gefen da ya fi kusa da rukunin, don ya samu lamba mafi ƙanƙanta. Saboda haka babu wani propan-3-ol: juya takardar kawai, za ka ga propan-1-ol ne.

Kada ka raina wannan ɗan bambanci na wuri. Na farko yana tafasa a kusan digiri 97 na Salshiyos, na biyu a kusan 82. Amma inda na fi so ɗalibi ya sa ido shi ne lokacin da aka dumama su da potassium dichromate mai asid. Duka biyun suna sauya launinsa daga ruwan lemo zuwa kore, sai dai ba abu ɗaya suke haifarwa ba. A propan-1-ol, kabon mai riƙe da OH yana da haidurojin biyu, don haka ya fara zama aldehaid, wato propanal, ya zarce ya zama propanoic asid. A propan-2-ol haidurojin ɗaya tak ke wurin; da an cire shi sai a samu kiton, wato propanone, asiton ɗin da ake goge fentin farce da shi, aikin ya tsaya nan. Shi kuwa wani alkohol mai suna 2-methylpropan-2-ol, kabon ɗinsa mai OH ba shi da haidurojin ko ɗaya, launin ruwan ma ba ya sauyawa.

Wasu rukunan ba su da zaɓin mazauni. Aldehaid, CHO, da rukunin asid, COOH, a bakin sarƙa kaɗai suke iya zama, kabon ɗinsu shi ne na 1, don haka ba a rubuta musu lamba. Kiton kuwa dole kabon ya sa shi a tsakiya ta gefe biyu, shi ya sa sai sarƙa ta kai kabon uku kafin a same shi.