Zan tafi neman gwal ƙasar waje don sha'awa, yaya hukuncin haɗa kai da abokin tafiya?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai ma'aikaci ne ina da sana'ata, amma Allah ya ɗora min sha'awar neman gwal da injin nan mai ƙara in ya ji ƙarfe a ƙasa, har na sayi nawa. Inaso in na samu hutu na tafi Ostiraliya na yi kamar sati uku a daji, ba don na yi kuɗi ba, sha'awa ce kawai, amma ni kaɗai bazan iya ba shi yasa nake neman abokin tafiya. Akwai wani abokina da zai bini amma bashi da inji, yace shi zai ɗauki kuɗin hayar mota mu raba abinda muka samu biyu. Akwai kuma wani mazaunin can wanda ba musulmi bane ya san dajin sosai. Sannan wani yayana yace shi bazai je ba amma zai bada kuɗi a bashi kashi ɗaya cikin uku. Malam wanne ya halatta a ciki, kuma in mun samu akwai zakka?

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Toh ɗan uwa, ita tafiyar a karan kanta babu laifi, kuma ba caca bace kamar yadda wasu suke ɗauka. Caca ita ce ka zuba kuɗi wani ya zuba, ɗaya ya kwashe na ɗaya. Kai kuwa ƙarfinka zaka sa da injinka ka nemi abinda Allah ya ajiye a ƙasa, hukuncinka ɗaya da mai farauta ko mai su, wata rana a samu wata rana a dawo haka. Sharaɗi dai kada ka ci bashi saboda ita, kada ka taɓa haƙƙin iyali, tunda da bakinka kace sha'awa ce.

Amma kafin a zo kan abokin tafiya akwai wanda baka ambata ba a tambayarka, kuma shi ya kamata a fara da shi, wato hukumar ƙasar da zaka je. A mazhabar Malikiyya ma'adini hukuncinsa yana hannun shugaba, shi yake bada shi ga wanda yaga dama, haka Shehu Halilu ya faɗa a Mukhtasar, har ma in a cikin filin wani mutum ya bayyana. Asalin wannan kuwa yana cikin Muwaɗɗa, inda Annabi (SAW) ya yanka wa Bilal bin Haris al-Muzani ma'adinan Ƙabaliyya. Wannan a ƙasar musulmi kenan. A ƙasar da ba ta musulmi ba kuma ta wata ƙofar abin yake zuwa, ita bizar da suka buga maka alƙawari ce da amana, sun barka ka shiga akan zaka bi dokarsu, Allah kuma yace a farkon Suratul Ma'ida ku cika alƙawura. Don haka maganar wai ai dukiyar kafirai ce ko wai daji ne ba mai gani bata taso ba.

Kuma dokokin ba iri ɗaya bane. A can Ostiraliya, a jihar Biktoriya da jihar Ostiraliya ta Yamma sai ka sayi takardar izini da suke kira Miner's Right, baƙo ma yana iya saye, amma ita takardar bata buɗe maka ko'ina ba, filin wani sai da yardar mai shi, inda kamfani yake da lasisi akwai nasa izinin daban, sannan wuraren tarihi na ƴan asalin ƙasar doka ta hana a taɓa su. A Ingila tun hukuncin kotu na 1568 gwal da azurfar da ke cikin ƙasa na masarauta ne. A Amurka in aka kama ka da inji a cikin gandun da gwamnatin tarayya ta keɓe, wanda suke kira National Park, laifi ne. Duk gwal ɗin da ka tono inda aka hana, ko ka ɓoye shi a safa ka wuce kwastan ba tare da ka bi ƙa'idar fita da shi ba, ka ci amana, kuma zakka bata wanke shi. In ka tona rami ka mayar da ƙasar, dabbobin mutane suna kiwo a wajen.

Yanzu abokin tafiya. Neman sa ma shine sunna, Bukhari ya ruwaito Annabi (SAW) yace da mutane sun san abinda na sani game da kaɗaici da matafiyi bai yi tafiyar dare shi kaɗai ba. A wani hadisin na Muwaɗɗa da Abu Dawud yace matafiyi ɗaya shaiɗan ne, biyu shaiɗanu biyu ne, uku su ne ayari. Dajin Ostiraliya ta Yamma kuwa ba wajen wasa bane, daga Disamba zuwa Fabrairu zafi yana wuce digiri 40, wurare da yawa babu sabis na waya, kuma mai neman gwal kansa a sunkuye yake, abin ji a kunne, yana bin ƙara taku bayan taku har ya ɗago bai san ta ina mota take ba. Mutane sun mutu a haka. Ni da zaku zama ku uku ya fi min, ku naɗa ɗaya shugaba kamar yadda hadisin Abu Dawud ya umarta.

Wa zaka ɗauka? An ruwaito wani ya zo yana yabon wani a gaban Sayyidina Umar, sai ya tambaye shi, maƙwabcinka ne, kun taɓa tafiya tare, kun taɓa hulɗar dinari da dirhami? Yace a'a, Umar yace toh baka san shi ba. Kai kuwa zaka haɗa tafiya da dinarin gaba ɗaya a wuri guda inda babu shaida. In mutum sabo ne a wajenka ku fara ƴar gajeriyar fita ta kwana ɗaya ko biyu kusa da gari, ka nemi wanda ya san shi, kuma iyalanka su san sunansa da inda kuka nufa. In mace ce wadda ba matarka ba kuma ba muharramarka ba, babu wannan maganar, kaɗaita da ita haramun ne balle kwana a tanti a daji.

Shi wanda ba musulmi ba ya halatta. Annabi (SAW) a tafiyar hijira Abdullahi bin Uraiƙiɗ ya ɗauka ɗan jagora alhali yana kan addinin mutanensa, kuma ya yi yarjejeniya da Yahudawan Khaibar akan rabin amfanin gona. Abinda Imamu Malik ya ƙi shine ka sakar masa saye da sayarwa baka wajen, don kada ya shigo da riba. Saboda haka ranar sayar da gwal ka kasance a tsaye, kuma tun farko ka faɗa masa kana tsayawa sallah, kuɗin giyarsa kuma baya cikin asusun tafiya. In ma biyansa zaka yi ladan jagora sananne a kowace rana ya fi sauƙi, babu rigimar rabo.

Inda nakeso ka nutsu shine maganar abokinka mai hayar mota, don anan ake samun matsala. Abinda zaku ƙulla sunansa shirkatul abdan, tarayya ta aikin jiki. Imamu Shafi'i bai yarda da ita ba sam, yace kowa abinda hannunsa ya samo nasa ne. Hanafawa sun yarda da ita a sana'a kamar ɗinki amma banda abinda ake tsinta a daji kamar itace da farauta da ma'adini. Malikiyya da Hanbaliyya sun halatta, har Halilu ya kawo misalin masu haƙa biyu a ma'adini da sunansu. Daga cikin hujjojin akwai maganar Ibn Mas'ud cewa shi da Ammar da Sa'ad sun yi tarayya ranar Badar, Sa'ad ya zo da fursuna biyu su basu zo da komai ba, duk da malaman hadisi sun yi magana akan isnadinsa. Ni ina tare da masu halattawa, domin a irin wannan aikin taimakon juna na gaske ne, wani yana jan inji wani yana haƙa, wani yana tuƙi wani yana duba taswira.

Sai dai da sharaɗi. Risala tace su yi aiki a wuri ɗaya, aiki iri ɗaya ko makusancin juna, malaman Malikiyya kuma suka ce rabo ya bi gwargwadon aiki. Kenan in shi zai zauna a gari yana yawon buɗe ido kai kana cikin rana, rabin nan bai halatta masa ba. Sannan kada ku cakuɗa kuɗin mota da inji da rabon gwal ku ce wannan ya tafi a wannan, tunda baku san wanne ya fi wanne ba. Ku yiwa injin kuɗin haya na kwanakin kamar yadda ake bada irinsa haya, ku haɗa da kuɗin mota da mai da abinci, ku raba biyu, wanda ya biya fiye a cika masa, samu ko rashi. Bayan nan abinda aka tono a raba daidai. In inji ya lalace ba da sakacin kowa ba asarar mai shi ce.

Kuma ku faɗi komai tun kafin ku hau jirgi, ku rubuta, kowa ya riƙe kwafi. Shin rabon ya shafi duk abinda aka samu ne ko kowa nasa nasa, duka biyun sun halatta amma sai an zaɓi ɗaya tun farko. In ɗaya ya kwanta rashin lafiya kwana biyu fa, in ɗaya yanaso a sayar ɗaya yanaso ya ajiye na tarihi fa. Ku tafi da ƙaramin sikeli, duk yamma a auna a gaban kowa a rubuta. Mutum yana da kirki sosai akan gram ɗaya, ranar da aka ɗago dunƙule mai nauyi a tafin hannu sai kaji ance ai injina ne ya gani, ɗayan yace ai ni nace a tsaya anan. Allah ya faɗa a Suratu Sad aya ta 24 cewa da yawa daga abokan tarayya sashensu yana zaluntar sashe sai waɗanda suka yi imani suka yi aiki nagari, kuma kaɗan ne su. Dunƙulen da ya fi kowanne girma da aka taɓa tsinta, wanda ake kira Welcome Stranger, mutum biyu ne abokan aiki suka same shi a Moliagul ta jihar Biktoriya a 1869, John Deason da Richard Oates, a gindin bishiya dab da saman ƙasa, kusan kilo 72, da suka kai shi banki a Dunolly babu sikelin da zai ɗauka sai da aka fasa shi akan maƙera. Ba cewa nayi zaka samu irinsa ba, yawanci abinda ake samu bai wuce ƙwayar gero ba, amma yarjejeniyar ku rubuta ta kamar zaku samu.

Maganar yayanka kuwa, a yadda ka kawo ta bata inganta ba. Ya bada kuɗi yau don ya karɓi gwal nan gaba wanda ba a san yawansa ba, ba a ma san za a samu ba, kaga an haɗa garari, wato ciniki akan abinda ba a san tabbas ɗinsa ba, da jinkiri a musayar kuɗi da gwal. Ba ƙiradi bane kuma, wato bada jari a juya a raba riba, domin kuɗin ba juya su za ayi a kasuwanci ba, cinye su za ayi a tikiti da mai. Mafita, ko ya baka rance ka mayar masa daidai abinda ya bayar, ko ya baka kyauta in ka dawo kaima ka masa kyauta ba tare da sharaɗi ba. In kuma lallai kaso yakeso, ya sayi inji na biyu ya zama mallakinsa ya baku ku yi aiki da shi akan kaso sananne na abinda aka samu da shi, Imamu Ahmad ya halatta irin wannan a wanda ya bada dabbarsa ayi aiki da ita a raba abinda Allah ya bayar, Ibn Ƙudama ya kawo shi a Mugni. Malikiyya basu yarda da wannan ba, a wajensu haya sananniya zai karɓa, amma wanda ya ɗauki maganar Ahmad bazan ce ya yi laifi ba.

Zakka. Gwal ɗin ma'adini baya jiran shekara, ranar da ya fito aka tace shi in ya kai nisabi, dinari 20 wato wajen gram 85, za a fitar da ɗaya cikin arba'in, kuma bashi baya kayar da ita. Kowa kasonsa ake dubawa, in kun samu gram 120 ku biyu kowa 60, babu wanda ya kai, sai in yana da wani gwal ko kuɗi da shekara ta zagayo musu da zasu cika masa nisabin. Hanafawa su a wajensu ɗaya cikin biyar ne, kaɗan ko mai yawa. A Malikiyya ma akwai abinda ake kira nadra, dunƙule tsantsa da aka samu ba wahala kuma baya buƙatar tacewa, shi humusi ake fitarwa, wato ɗaya cikin biyar, kamar rikazi, dukiyar mutanen da can da aka binne a ƙasa, sai in an kashe kuɗi mai yawa ko an sha aiki kafin a same shi. Masu sharhin Mukhtasar sun yi saɓani ko kuɗin tafiya yana shiga wannan lissafin, abinda na fi natsuwa da shi yana shiga, wanda ya ƙetare teku ya yi makonni yana haƙa ba a ce ya samu a banza ba, don haka ɗaya cikin arba'in ne. In kuma injin ya tono maka tsohon zobe ko sarƙar wani, wannan tsintuwa ce, sai ka bi hukuncin cigiya da dokar wajen.

Wajen sayarwa, hannu da hannu, hadisin Ubada bin Samit a Sahihu Muslim a fili yake. Ka miƙa gwal ka karɓi kuɗinka a zaman, ko taransifa da ta shiga nan take. Haka in zaka sayi kason abokinka, kada kace bari in mun koma gida zan biya ka, ko ka biya a wajen ko kowa ya riƙe nasa. Kada kuma ka bada ɗanyen gwal gram 10 a baka sarƙa gram 8, sayar da naka ka karɓi kuɗi sannan ka sayi sarƙar.

Sallah kuma zaku yi ƙasaru a hanya, in kun yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a sansani ɗaya ku cika, in ruwan da ke jarka na sha ne kawai ku yi taimama.

Allah ne mafi sani.