Kada ka rubuta mata "OK" tun kuɗin katako bai shigo ba

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce wata Hajiya mai makarantar kuɗi ta turo maka rubutu da Turanci a WhatsApp, tana son benci 60 cikin mako uku, a kan kuɗin da ka faɗa mata watan jiya. Kana son aikin, amma katako ya tashi, kuma ba ta ce uffan kan kafin alƙalami ba. Kana tambaya yaya za ka ce mata ka yarda amma da sharaɗi, ba tare da ka kore ta ko ka ɗaure kanka ba.

To, da farko janye yatsanka daga kan "OK" da "No problem". A shago, in mai saye ya taya, ka ce "ai ba za ta gagara ba", yana kallon fuskarka, ya ga ka sosa ƙeya, ya san da sauran magana. Rubutu ba ya sosa ƙeya. Abin da ka tura shi za a karanto maka ranar da aka sami saɓani, kuma "No problem" a kunnen mai Turanci daidai yake da "na sallama".

Ko hoton nan na babban yatsa ka kiyaye shi. A 2023 wata kotu a lardin Saskatchewan na ƙasar Kanada ta yanke hukunci a kan wani manomi da aka tura wa hoton takardar cinikin amfanin gonarsa ta waya, ya mayar da alamar yatsa. Ya ce shi nufinsa saƙo ya iso ne kawai. Alƙali ya duba yadda suka saba ƙulla ciniki a baya da gajeren saƙo, ya ce wannan yarda ce, ya ci shi diyyar dalar Kanada dubu 82 da ɗoriya. Saboda haka in saƙo ne kawai ka gani ba ka yanke shawara ba, faɗi hakan ƙarara: "Received, thank you. I will confirm by Thursday." Wato ya iso, zan ba ki amsa zuwa Alhamis. "Noted" da ma'aikatan ofis ke yawan rubutawa ba na son ta, don kowa fassara ta yake yadda ta yi masa daɗi.

In kuwa zuciyarka ta kwanta da aikin, sai dai ba a zauna kan kuɗi da lokaci ba, Turawa na cewa "I agree in principle". Ka yarda da ainihin maganar ke nan, rassanta na nan ba a sare ba. Amma kada ka bar ta tsirara. Biyo ta da abin da ya rage: "I agree in principle, but we need to review the price." In ba haka ba Hajiya za ta ga "agree" ta rufe waya.

Wanda ya fi dacewa da halin da kake ciki shi ne sharaɗi tsayayye, kuma kalmominsa biyu ne za ka riƙe. Akwai "subject to", akwai "provided that". Ma'anarsu kusan ɗaya, "muddin" ko "bisa sharaɗin", amma ba a ɗora musu kaya iri ɗaya. "Subject to" sunan abu take bi: "subject to payment of 60 per cent deposit". "Provided that" kuwa cikakkiyar magana take so, mai aikatau a ciki: "provided that you pay 60 per cent first". Yara da yawa na cakuɗa su su rubuta "subject to you will pay", sai mai karatu ya raina su tun bai ga aikinsu ba. "As long as" ma tana yi, ta fi sauƙi a baki, ita ce ta hira da wanda kuka saba. Wadda lauyoyi ke sawa a cinikin fili da haya, "subject to contract", bar musu abarsu. Cewa take babu wanda ya ɗauru sai an sa hannu a takarda, ka ga ita ma Hajiya tana iya zamewa bayan ka yanka katako.

Ga abin da masu koyar da Turanci ba su cika faɗa ba. Yarda mai sharaɗi ba yarda ba ce a idon doka, sabon tayi ne. Akwai tsohuwar shari'a a Ingila a 1840, ta Hyde da Wrench, da ɗaliban lauya a Nijeriya ke karantawa har yau. Wrench ya sa wa gonarsa fam 1,000, Hyde ya taya 950, mai gona ya ƙi. Da Hyde ya dawo ya ce to ya yarda da dubun, kotu ta ce tayinsa ya riga ya kashe maganar farko. Kai ma da ka ce "provided that", magana ta koma hannun Hajiya. Kada ka sa zarto a katako sai ta rubuto ta amince.

Ni da kake gani na sha wannan ruwan. Wani ofis ya taɓa ba ni aikin tebura, na sa aka rubuta musu na karɓa, sharaɗin kafin alƙalami kuma na bari sai da na haɗu da akawunsu na faɗa masa da baki a gindin bishiya. Aka yi wa akawun canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya buɗe fayil, ya nuna mini "I accept" da sa hannuna, babu ko "if" ɗaya a takardar. Da bashin 'yan katako na gama aikin nan. Shi ya sa nake cewa yarda da sharaɗinta su zauna a jimla ɗaya, kada ka raba su saƙo biyu.

Rubuta mata haka: "Good evening, Hajiya. Thank you for the order. I can supply the 60 benches in three weeks, provided that the new price is accepted and 60 per cent is paid before work begins. The three weeks will count from the day I receive the deposit. Please confirm." Lura da jimlar nan ta ƙirga mako uku daga ranar da kuɗi ya shigo, ita ce za ta cece ka in ta yi jinkirin biya. In kana son ƙara "in sha Allah" ƙara, da kyau, amma ba ta tsaya a madadin adadi da rana ba.

Sabon kuɗin kuma kada ka ƙiyasta shi da ka. Gobe da sassafe ka leƙa 'yan katako ka jiyo farashi, ka haɗa da ƙusa da gam da fenti da kuɗin mota zuwa makarantar, ka kawo mini lissafin in duba kafin ka tura.