Bindiga ko agaji: rigimar 'yan Leba kamar yadda muke ganinta a Birtaniya

Malam, ka tambaya yadda Leba, jam'iyyar da ke kiran kanta ta talakawa, za ta rage agajin waje ta ƙara wa soja. Mu ma nan ba mu gama gardamar ba.

A 2015 doka ta ce a ware kashi 0.7 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa don agajin waje. Masu ra'ayin riƙau suka mai da shi 0.5 a 2021. Sai a Fabrairun 2025 Firaminista Keir Starmer na Leba ya ce zai koma 0.3 daga 2027, kasafin tsaro kuma ya hau 2.5. Ministar agaji, Anneliese Dodds, ta ajiye aiki a makon.

Gidan Leba a rabe yake tun yaƙin Iraƙi. A 2003 'yan majalisarsu 139 sun bijire wa Firaminista Tony Blair kan shiga yaƙin, minista Robin Cook ya yi murabus. Magadan wannan ɓangare suna cewa asibiti da makaranta sun fi jirgin yaƙi hana fitina. Ɗaya ɓangaren, irin su ɗan majalisa Hilary Benn da ya goyi bayan kai wa ISIS hari a Siriya a 2015, suna cewa mai bindiga ba ya jin wa'azi, ga Rasha a Yukiren.

Inda mutanen gida ke ruɗewa shi ne lissafin. Ba duk kuɗin ke barin Birtaniya ba. Otal ɗin da ake ajiye masu neman mafaka daga wannan asusu ake biya, kuma a 2023 hidimarsu ta cinye fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da ya saura shi ake rabawa, har da irin ayyukan ilimi da lafiya da DFID, tsohuwar ma'aikatar agajin waje ta Birtaniya, ta yi a Kano, Jigawa da Kaduna.

Yawancinmu agaji muke goyon baya, amma ba a dandalin zumunta muke kai kuka ba. Wasiƙa ake rubuta wa ɗan majalisar mazaɓa, a sa cikakken adireshi, don ba ya amsa wa wanda ba ɗan mazaɓarsa ba. Wasiƙar da ɗari suka kwafa amsa ɗaya take samu. Gara a ambaci shiri guda, a nemi ya yi wa minista tambaya a rubuce. Ɗan Najeriya, Gana ko Kamaru mai izinin zama yana da ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa saboda ƙungiyar Kwamanwel. Ɗan Nijar kuwa sai ya zama ɗan ƙasa.