Kare dangi ko ƙare dangi? Amsoshin wasiƙunku na wannan mako

Wasiƙu uku na zaɓo a makon nan, duk daga nan Legas, kuma duk labaran duniya ne suka tayar da su. Tun da rediyo ya koma maganar yaƙi da makamai safe da yamma, mutane sun fara tsayawa su auna kalmomin da ake faɗa musu. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai.

Ta farko daga wata ɗaliba ce a Idi-Araba. Ta ce: "Malam, na ga an rubuta 'makaman kare dangi' a waya. Na ɗauka makamai ne da ƙasa ke kare mutanenta da su, sai yayana ya yi ta yi mini dariya. Wane ne da gaskiya?"

'Yata, yayanki ne da gaskiya, amma ba ke kika yi kuskure ba, wanda ya rubuta ne ya yar da ƙugiyar harafin. Kare da k maras lanƙwasa shi ne tsarewa, shi ne kuma dabbar nan mai haushi idan aka sauya karin sauti. Ƙare da ƙ mai lanƙwasa shi ne gamawa, a share abu kakaf. Kalmar ƙare-dangi ce. Harɗaɗɗen suna ne irin wanda Bahaushe ya saba ƙirƙira, ya ɗauko aikatau ya manna masa suna, kamar ci-rani da fasa-ƙwauri da hana-salla. Kuma ba 'yan jarida ne suka haife ta ba. Tsofaffin ƙamusun Hausa sun kawo ta a matsayin sunan wani dafin kibiya, ma'aikatan rediyo suka tarar da ita a gida suka ɗora wa sabon abu. A ganina ba su taɓa yin dace irin wannan ba.

Ki duba abin da sunan ke faɗa. A wajenmu idan mutum ya rasu, dangi ke taruwa su yi masa sutura, su zauna karɓar gaisuwa, su ɗauki marayunsa. Duk zafin mutuwa, akwai wanda ya rage. Ranar 6 ga Agusta 1945 Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya guda ɗaya a birnin Hiroshima na Japan, kafin ƙarshen shekarar mutum kimanin 140,000 sun mutu. Bayan kwana uku aka sake jefa wani a Nagasaki. Akwai gidajen da ba a samu mai karɓar gaisuwa ba, domin mai rasuwar da masu yi masa kuka duk sun tafi tare. Waɗanda suka tsira kuma cutar daji ta bi su shekara da shekaru. Abin da Hausa ta tattara cikin kalma biyu ke nan.

Sunan bai tsaya kan nukiliya kaɗai ba, ya haɗa da makamai masu guba da na ƙwayoyin cuta. Kada kuma ki haɗa makamin nukiliya da makamashin nukiliya. Makamashi abin hura wuta ne, kamar icce da gawayi, kuma shi ake nufi idan ana maganar samar da lantarki da yuraniyom irin wanda aka daɗe ana haƙowa a Arlit ta Nijar.

Tun da a Legas kike, bari in ƙara miki wani abu da ya faru a garin nan. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane, cikin saharar Aljeriya. Duk wanda ya san hunturu ya san ta inda iska ke zuwa mana a wannan lokaci, ya san hazon da ke kwanciya kan motoci har nan bakin teku. Tsoron mutane ke nan, kada ƙurar bam ta biyo iska. Aka yi ta kuka, Faransa ta sake gwaji na biyu, ta yi na uku a ƙarshen Disamba. A watan Janairu 1961, Nijeriya tana da wata uku kacal da samun 'yanci, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas, ta hana jiragen ruwa da na sama na Faransa amfani da tashoshinmu. Iyayenmu ba su yi shakkar ko wane harafi ne a farkon kalmar ba.

Wasiƙa ta biyu gajera ce. Wani mai sayar da raguna a Alaba Rago ya ce: "Me ya haɗa linzami da makami, me kuma ya haɗa takunkumi da ƙasa?"

Ɗan'uwa, duka biyun daga wajen dabbobi aka aro su. Linzami ƙarfen da ake sa wa doki a baki ne, a ɗaura masa kamazuru, mahayi ya juya shi inda ya ga dama. Asalin kalmar Larabci ne, lijam. Makami mai linzami shi ne wanda ake iya sarrafa tafiyarsa bayan an harba shi, ba kamar harsashi ba da in ya fita ya fita. Shi ya sa ban yarda a kira kowace roka da wannan suna ba.

Takunkumi kuwa kai ka fi ni saninsa: saƙar igiyar nan da ake cusa bakin jaki ko raƙumi a ciki don kada ya kai baki gonar mutane. A 2020 muka ara wa ƙyallen rufe hanci. A siyasa shi ne hana ƙasa ciniki da taɓa kuɗinta. Ka lura dai, a baki ake sa takunkumi, ci yake hanawa. Da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar shi bayan juyin mulkin Yuli 2023, aka rufe iyaka aka yanke wuta, ka san da kanka bakin wa igiyar ta kama, na masu mulki ko na mai koro dabbobi da mai jiran magani a asibiti.

Ta uku ita ta fi tsayar da ni. Wani dattijo mai sayar da goro a Agege ya ce sun yi gardama a majalisa bayan sallar isha'i. Shi ya ce ƙasar da ba ta da bam ɗin nan raina ta ake yi, ya kafa hujja da "kura ta san gidan mai babbar sanda". Abokinsa ya ce karin maganar bai dace da wurin ba. Suna son a raba gardama.

Baba, Allah ya ƙara girma. Ma'anar karin maganar a fili take: azzalumi yana da wayo, yana zaɓen wanda zai taɓa, kuma ba ya zuwa inda ya san zai sha duka. Ba sai an daki kura ba, sanin akwai sandar ya isa. Masana harkar tsaro sun cika littattafai a kan wannan tunani, Bahaushe ya gama shi da numfashi ɗaya. Ba zan ɓoye maka ba Baba, kana da shaidu. Amurka da Tarayyar Sobiyet sun shafe sama da shekara 40 suna harara ba su gwabza kai tsaye ba. Libiya ta ajiye shirinta na ƙera makaman nan a 2003, a 2011 jiragen NATO suka yi mata ruwan wuta. Yukiren ta miƙa makaman da ta gada daga Tarayyar Sobiyet bisa alkawarin tsaro da aka yi mata a Budapest a 1994, Rasha ta ƙwace Kirimiya a 2014, ta afka mata gaba ɗaya a 2022. Koriya ta Arewa ta gwada nata a 2006, har yau ba wanda ya tsallaka mata iyaka.

Duk da haka ina bayan abokinka. A cikin karin maganar, mai gida ne kaɗai ke da sanda, kura ba ta da komai sai haƙori. Yau ƙasashe 9 ne ke riƙe da makaman nan, kawunansu sun kai kimanin 12,000, mafi yawa a hannun Amurka da Rasha, kuma kowace na ganin ita ce mai gida, ɗayar ce kura. Indiya da Pakistan sun yi gwaji a 1998, shekara na zagayowa suka fafata a yankin Kargil na Kashmir. A Oktoba 1962, da Sobiyet ta girke makamai a Kyuba, duniya ta yi kwana 13 ba ta san ko za ta wayi gari ba, kafin shugaba Kennedy na Amurka da Khrushchev na Sobiyet su ja da baya.

Sannan sanda tana jingine a bango ne, ba ta tashi da kanta ta doki 'ya'yan mai gida. Mu mutanen Legas mun san ajiyar makami ba haka take ba. Ranar Lahadi 27 ga Janairu 2002, da yamma, rumbun makamai na barikin Ikeja ya kama wuta. Ba abokin gaba ne ya kawo hari ba. Ƙarar ta girgiza unguwanni, wasu suka zaci yaƙi ne, wasu suka ce juyin mulki. Mutane suka bazama cikin duhu, uwa da goyo, yaro riƙe da hannun ƙanensa, suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyawa ta rufe samanta har ta yi kama da ƙasa. Sama da mutum 1,000 suka rasu, da yawansu yara. Waɗannan bama-bamai ne na yau da kullum, ba na ƙare dangi ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Idan karin magana kake so ka kai majalisa gobe, wanda ya fi kusa da zaman da manyan ƙasashen nan suke yi shi ne "kar ta san kar". Shi bai ce akwai mai gaskiya a ciki ba, bai kuma yi alkawarin za a rabu lafiya ba. Ka kuma gaya wa abokinka akwai ƙasar da ta ƙera bam ta warware shi da hannunta: Afirka ta Kudu ta haɗa guda 6, ta lalata su, shugabanta de Klerk ya bayyana haka a 1993. Yarjejeniyar da ta haramta makaman a nahiyarmu, wadda aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996 ta fara aiki a 2009, sunan cibiyar nukiliyarsu ta ɗauka, Pelindaba. A harshen Zulu ma'anarsa magana ta ƙare, da ƙ mai lanƙwasa.